Wa ya cire Beach Boys daga jerin kilasik rok?

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da ƙorafi. Jerin waƙoƙin nan da muke tarawa tare, wanda aka sa wa suna kilasik rok, shekaranjiya na zuba guda huɗu a ciki: Surfin' U.S.A. da I Get Around na Beach Boys, Surf City ta Jan and Dean, sai Wipe Out ta Surfaris. Yau da safe na leƙa, ko ɗaya babu. Ba rigima nake nema ba, amma wanda ya cire ya fito ya faɗa mini dalili. Waƙoƙin 1963 da 1964 ne fa. In waƙar da ta haura shekara 60 ba ta isa a kira ta kilasik ba, to wacce ce za ta isa?

Baba Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Ni na cire, ɗana, kuma da rana tsaka na yi. Tsufa kaɗai ba ya sa a ba mutum rawani. Lokacin da muke sayen faifai a Kaduna a shekarun 1970, in aka ce rok, kowa ya san abin da ake nufi: Jimi Hendrix, Cream, Led Zeppelin, Deep Purple, Santana, The Who. Kiɗa mai nauyi, jita tana kuka, mai ganga yana zufa. Waɗannan yaran naka kuwa, da rigunansu masu ratsi iri ɗaya kamar 'yan firamare, suna waƙar teku da mota da 'yan mata. Ban ce ba su da daɗi ba. Shayi ma yana da daɗi, amma ba a kiran sa tuwo.

Gwanin Tsokana: Tabɗijam. Baba ya fito da takobi tun kafin a buga tambari.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya ƙara girma Baba, amma Led Zeppelin ɗin ma me suke waƙa in ba 'yan mata ba? Deep Purple suna da waƙa guda sukutum a kan gudu da mota, Highway Star. In batun abin da ake faɗa a waƙa ne, ai duk kanwar ja ce.

Baba Mai Garmaho: Ba kalmomin nake ji ba, sautin nake ji.

Direban Michigan: Ku yi haƙuri in sa baki, don ni kullum cikin abin nake. Awa goma nake yi a kan titi, rediyo a kunne. Baba, da girmamawa, lokacin da kuke sayen faifan nan babu wani abu mai suna kilasik rok. Rok kawai ake cewa. Sunan daga baya ya zo, kuma ba mawaƙa suka raɗa shi ba, masu gidajen rediyo ne.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun 1970 akwai tashoshin FM a nan Amurka da ke sa waƙoƙi daga cikin manyan faifai, ba sai wadda ta yi tashe a kasuwa ba. Shi ya sa waƙa mai minti 8 irin Stairway to Heaven ta samu shiga kunnen jama'a. Da aka shiga shekarun 1980, tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ta buɗe a 1981, sabbin sautuka suka cika gari, sai waɗanda suka yi samartaka da Zeppelin suka ji rediyo ta bar su a baya. Alhali a lokacin ne suka zama magidanta masu albashi, masu sayen mota da inshora. Masu talla kuma su suke nema, musamman maza 'yan shekara 25 zuwa 54. Sai wasu suka ce to a buɗe tasha da ba za ta sa komai ba sai waƙoƙin samartakar mutanen nan. Wani mai ba gidajen rediyo shawara daga Detroit, Fred Jacobs, shi aka fi dangantawa da tsarin, kuma wata tasha kusa da Lansing a jihar nan da nake ta ɗauke shi a 1985.

Su Beach Boys na farko an riga an ajiye su a wani kanti daban, wanda suke kira oldis, tare da Elvis da Chuck Berry da waƙoƙin Motown. Masu sauraron can sun ɗan fi shekaru. Iyakar da Baba yake karewa, 'yan kasuwa ne suka shata ta.

Baba Mai Garmaho: Ko 'yan kasuwa ne suka shata, ai ba da ka suka yi ba. Sun ga bambanci ne suka bi shi. Mai kanti ba ya haɗa sabulu da sukari a buhu ɗaya.

Direban Michigan: Haka ne Baba, sai dai iyakar tafiya take yi. Yanzu tashar da nake ji tana sa Nirvana da Pearl Jam da Guns N' Roses, duk da sunan kilasik rok. Faifan Nirvana mai suna Nevermind na 1991 ne. Waƙoƙin Beatles na farko kuwa sai ka yi sati ba ka ji ba. Mai shekara 45 na yau ba shi ne mai shekara 45 na 1985 ba, shi ke nan sai a ja labulen gaba.

Baba Mai Garmaho: Nirvana kilasik? Inna lillahi.

Gwanin Tsokana: Baba ka kwantar da hankali, nan da shekara 20 jikokinka za su kira abin da ake rawa da shi a TikTok kilasik.

Maman Biyu: Sannunku da muhawara. Na karanta tun daga sama, kuma ina ganin kuna ta jayayya a kan abu biyu kamar abu ɗaya ne. Ɗan Sabon Gari, ƙanina, waƙoƙi huɗun da ka sa ma ba gida ɗaya suka fito ba.

Abin da ake kira saf, wato kiɗan masu hawan igiyar teku a kan allo a kudancin Kalifoniya, asalinsa ba shi da murya sam. Jita ce da ganguna, wani lokaci da sakso. Dick Dale ne uban tafiyar, da Let's Go Trippin' a 1961 da Misirlou a 1962. Sai Pipeline ta Chantays, sai Wipe Out ɗinka. Wannan shi ne kiɗan da masu shiga ruwan da kansu suke rawa da shi a zauren Rendezvous da ke Balboa.

Na biyun shi ne na masu haɗa murya, Beach Boys da Jan and Dean. Su abin da suka yi, sun ɗauki labarin rayuwar bakin teku suka sayar wa yaran da ba su taɓa ganin teku ba. Brian Wilson, jagoran Beach Boys, ya koyi jera muryoyi ne daga sauraron Four Freshmen, ya ɗora a kan kiɗan Chuck Berry. A cikin su biyar ɗin, 'yan'uwa uku, wato Brian da Dennis da Carl, da ɗan'uwansu Mike Love da abokinsu Al Jardine, Dennis ne kaɗai ke hawan igiyar da gaske. Brian da ya rubuta waƙoƙin ba mutumin ruwa ba ne. Kuma abin tausayi, Dennis ɗin ruwa ne ya ci shi a ƙarshen 1983.

Don haka Baba, in ka ce Surf City ba rok mai nauyi ba ce, ba zan yi musu ba. Amma da ka haɗa da Wipe Out ka share, a nan kam ka zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

Ɗan Agadas: Anti kin riga ni. Ni da nake riƙe jita, in aka taɓa Dick Dale sai na yi magana. Baba ya ce yana son jita mai kuka da ƙara. To wa ya fara matsa wa kamfani lamba ya ƙera na'urar da za ta iya wannan ƙarar? Dale yana kiɗa a gaban dubban matasa, amfilifayar zamanin ba ta iya ɗauka, yana ta ƙona su ɗaya bayan ɗaya. Leo Fender mai kamfanin jita da mutanensa suka zauna da shi har aka fitar da amfilifaya mai suna Showman, da lasifika mai inci 15. Kafin amfilifayar Marshall ta yi suna a Ingila ke nan. Duk wanda ya zo daga baya ya jera akwatuna a bayansa kamar katanga, ya taka sawun mutumin nan ko ya sani ko bai sani ba.

Ga shi bahago ne kamar Hendrix. Bambancin, Hendrix ya juya jitar ya sake ɗaura tsirkiyoyin daidai, shi kuwa Dale ya juya ta ya bar su yadda suke, mai kauri a ƙasa. Tsirkiyoyi masu kaurin gaske yake sawa, yana kaɗa guda ɗaya da sauri ba tsayawa. Sannan ga sautin nan mai kama da ɗigar ruwa a randa, wanda ke fitowa daga wani akwatin Fender mai sifirin a ciki, sauti ya bi ta ƙarfen ya dawo yana rawa. Da jin sa ka san saf ne.

Gwanin Tsokana: Tsirkiya ɗaya? Ashe Ɗan Maraya Jos ɗin Turawa ne, kuntigi ne kawai bai samu ba.

Ɗan Agadas: Kana wasa amma ka kusa gaskiya. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa wani yaro ne ya tambaye shi ko zai iya waƙa guda a kan tsirkiya ɗaya, sai ya tuna wani kawunsa da ke kaɗa Misirlou da udu, molon Larabawa. Sunansa na yanka Richard Monsour, mahaifinsa asalin Lebanon ne. Waƙar kuma tsohuwa ce ta gabashin Bahar Rum, Girkawa da Larabawa da Turkawa duk suna yin ta, an naɗe ta a faifai tun shekarun 1920. Ma'anar sunan ma Bamisiriya, 'yar Masar. Wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin Larabawa, da ya ji zai gane hanyar. Mu a nan Agadas da muka taso muna jin su Bombino, ranar da na fara jin ta sai na ji kamar wani ɗan'uwa ne da ya daɗe a ƙasar waje ya dawo da baƙon harshe.

Ɗan Sabon Gari: Ita ce ta farkon fim ɗin Pulp Fiction ko?

Ɗan Agadas: Ita ce, 1994. Fim ɗin ne ya dawo da shi idon duniya bayan an manta da shi. Ya ci gaba da yawon kiɗa har ya rasu a 2019.

Baba Mai Garmaho: Na je na saurara yanzu. To, wannan kam namiji ne. Ban san shi da suna ba, amma na san sautin. Wannan daban, yaran masu riga mai ratsi daban. Kuma tunda an ambaci Chuck Berry, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Surfin' U.S.A. ɗin da ake ta kuka a kai, ai Sweet Little Sixteen ce ta 1958 aka canza wa kalmomi. Inda Berry ya jera sunayen birane, su suka jera sunayen bakin teku. Sai da aka tada magana kafin aka mayar masa da haƙƙinsa. A sa kwafi a jeri a bar na asali a waje?

Maman Biyu: Wannan gaskiya ce Baba, ba wanda zai musa. Amma in da wannan ma'aunin za mu bi, jerin naka zai rame. Whole Lotta Love ta Zeppelin sai da Willie Dixon ya kai ƙara kafin sunansa ya hau kanta. Ba Beach Boys kaɗai suka ci daga tukunyar baƙaƙen fata ba tare da sallama ba.

Direban Michigan: Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ka kunna tashar kilasik rok daga safe zuwa dare, baƙin mutum da za ka ji bai wuce Hendrix ba, sai ko Phil Lynott na Thin Lizzy in an sa The Boys Are Back in Town, sai Lenny Kravitz jefi-jefi. Chuck Berry da Little Richard da Bo Diddley, waɗanda suka gina gidan, an ce sun tsufa da yawa. Sly Stone da Funkadelic, da jitarsu ke ƙara fiye da ta wasu Turawan, an ce ai su fonk suke yi. Shi ya sa ni ban ɗauki sunan nan a matsayin lambar girma ba. Sunan shiryayye ne a kanti.

Gwanin Tsokana: To tunda haka ne a sa mana Fela. Ai Ginger Baker na Cream ya zauna a Legas sun yi faifai tare. Paul McCartney na Beatles ma a Legas ya naɗi faifan Band on the Run a 1973. Mu ma muna da gado a gidan.

Shugaban Zaure: Malam Gwani, wannan ka buɗe masa nasa zaren. Kada mu bar jaki mu koma dukan taiki.

Na Ƙofar Mata: Ni tambaya ɗaya gare ni. Na ji an ce Beach Boys ba su ma iya kiɗa ba, wasu ake haya su kaɗa musu a situdiyo. In haka ne ai magana ta ƙare, ƙungiyar rok ita ke kaɗa kayanta.

Maman Biyu: Rabin gaskiya ce, kuma ta juye da ƙafa sama. Waƙoƙin farko, na tekun da Baba ya raina, yawanci su da kansu suka kaɗa, Carl Wilson yana yaro matashi yana riƙe da jita. Sai bayan Brian ya daina fita yawon wasa a ƙarshen 1964, ya zauna a situdiyo, sannan ya koma dogara da ƙwararrun makaɗan Los Angeles irin su Hal Blaine mai ganga da Carol Kaye mai bes. Da su ya yi faifan Pet Sounds a 1966. Ka ga ke nan in ka bi ƙa'idarka, sai ka karɓi Surfin' Safari ta farkon nan ka kori God Only Knows ta cikin Pet Sounds. Akwai mai son wannan cinikin?

Baba Mai Garmaho: A'a, Pet Sounds kam ban taɓa ta ba. Good Vibrations ma in an sa ba zan cire ba. Wannan aikin hankali ne. Wata da watanni mutumin yana naɗar ta gutsure-gutsure a situdiyo daban-daban yana haɗawa, a zamanin da ake yanka tef da reza.

Ɗan Sabon Gari: Yawwa Baba, nan nake jiran ka. Mutanen nan dai su ne. Tsakanin I Get Around da Good Vibrations shekara biyu ce kacal. Yaya za a ce ƙafarsu ɗaya tana cikin gida ɗaya tana waje?

Baba Mai Garmaho: Kamar yadda Beatles suke. I Want to Hold Your Hand waƙar yara ce, A Day in the Life ta manya ce. Kai ma da kake rarrafe ba a ba ka makullin mota ba.

Maman Biyu: Kwatancen Beatles ya yi, don su biyun suna kallon juna a lokacin. Brian ya ji faifan Beatles mai suna Rubber Soul a ƙarshen 1965 ya ce sai ya yi wanda ya fi shi. McCartney ya ji Pet Sounds, ya sha faɗa cewa ta yi tasiri a kan faifansu Sgt. Pepper. A Ingila faifan ya kai na 2 a jadawali, a gida Amurka ya tsaya a na 10, kuma a ƙarshen 1966 masu karanta jaridar NME suka zaɓi Beach Boys a gaban Beatles.

Abin da ya karya su a idon masu irin ra'ayin Baba, a ganina, 1967 ce. An shirya babban bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya a watan Yuni, suna cikin waɗanda za su yi wasa, suka janye. A dandalin nan Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta, The Who suka farfasa kayansu, Janis Joplin ta yi suna. Daga wannan makon aka sake ma'anar abin da ake kira rok na gaske, su kuma ba sa wurin. Faifan Smile da Brian yake ta fama da shi ya watse. Hendrix ma a faifansa na farko akwai inda ya yi shaguɓen cewa an gama jin kiɗan saf. Sunan da ya ɗaga su a 1963 shi ya zame musu dutse a wuya. Wa zai ɗauki mutum da muhimmanci ana yaƙin Vietnam shi yana amsa sunan yaron bakin teku?

Ɗan Agadas: Amma makaɗan kansu ba su raina su ba. Keith Moon na The Who, wanda Baba ya lissafa a sama, mayen kiɗan saf ne, har ya sa ƙungiyar ta naɗi Barbara Ann da Bucket T a 1966. Ku saurari yadda yake zuba ganguna ba ƙaƙƙautawa, sannan ku koma ku ji Wipe Out. Back in the U.S.S.R. ta Beatles kuma, amshin da ke tsakiyarta kwaikwayon Beach Boys ne da gangan. Ramones sun sake yin Surfin' Bird. Ita Surfin' Bird ɗin ma 'yan Minneapolis ne suka yi ta, garin da ƙanƙara ke rufewa, teku kuwa sai an yi tafiyar kwana da kwanaki.

Gwanin Tsokana: Kamar Bakano ya yi waƙar kamun kifi a Argungu bai taɓa wuce Kabuga ba.

Na Ƙofar Mata: Ka bar Kanawa su sha iska don Allah.

Ɗan Sabon Gari: To ni yanzu na rikice. Direba ya ce sunan na 'yan talla ne, Baba ya ce na sauti ne, Anti ta ce saf ɗin ma biyu ne. Waƙoƙina za su koma ko ba za su koma ba?

Direban Michigan: In jerin yana kwaikwayon rediyon nan ne, gaskiya ba za ka ji Surf City a ciki ba, ko da yake ita ce waƙar saf ta farko da ta kai lamba 1 a Amurka, kuma Brian Wilson na cikin waɗanda suka rubuta ta. Amma mu ba mu da mai talla da za mu faranta wa. Ba wanda ke sayar mana da inshorar mota a zauren nan.

Baba Mai Garmaho: Duk da haka jeri yana da ladabi. Mutum yana cikin jin Kashmir ta Led Zeppelin, ransa ya yi nisa, sai kawai a faɗo masa da masu Surf City suna ihun 'yan mata biyu ga kowane saurayi. Haba.

Maman Biyu: Wannan kam na yarda da kai Baba, matsalar jerawa ce. A sa su a farko, bi da bi yadda shekaru suka zo. A fara da Chuck Berry, Dick Dale ya biyo, sannan Beach Boys, kafin a iso wurin mutanenka. Mai sauraro zai ji yadda jitar take ƙara nauyi da kanta.

Shugaban Zaure: To ga abin da za a yi. Wipe Out ta koma. I Get Around ta koma. Surfin' U.S.A. za ta shiga amma Sweet Little Sixteen na gabanta, don Baba ya huce. Surf City a jefa ƙuri'a zuwa gobe da la'asar. Kuma daga yau ba mai cire waƙar wani sai ya yi magana a nan tukuna, har da dattawa.

Baba Mai Garmaho: Na ji, ranka ya daɗe. Misirlou ni da hannuna na sa ta yanzu. Ƙuri'ata a kan Surf City kuwa kun san ta.

Ɗan Sabon Gari: Na gode Baba, Allah ya bar zumunci.

Ɗan Agadas: Jama'a na buɗe jerin yanzu. Wa ya sa Kokomo?

Maman Biyu: Subhanallahi. Ta 1988? Wadda ko Brian ba ya ciki?

Gwanin Tsokana: Shugaba ya ce ba mai cire waƙar wani.